Darussan zamantakewa a babbar sakandare: me yaro zai haɗa, kuma a ina maki ke zubewa?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Lokacin raba yara zuwa aji huɗu ya zo, kuma tsohuwar al'adar nan ta sake ɗagowa: wanda ya taɓuka a Lissafi a tura shi kimiyya, sauran a kora su ɓangaren adabi da zamantakewa kamar ana kora awaki garke. Iyaye da yawa sun aiko da tambaya iri ɗaya. Yaron da ya faɗa wannan ɓangare, waɗanne darussa zai haɗa? Me ke kayar da yara a WAEC da NECO a Gwamnati, Tarihi, Labarin Ƙasa, Tattalin Arziki da Sibik? Malamai, fage naku ne. Siyasar jam'iyya kuma a bar ta a bakin ƙofa.

Malam Garba, Azare:
Wa alaikumus salam. Ba a zaɓen darasi a aji huɗu sai an fara leƙa abin da JAMB za ta nema bayan shekara uku. JAMB darussa huɗu take yi, Turanci dole, sai uku da suka dace da kwas ɗin da yaro ke so. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran.

Mai son aikin lauya, galibin jami'o'i suna neman Adabin Turanci, a takardar sakandare da kuma JAMB. Yaro ya guje shi a aji huɗu don littattafan sun yi masa yawa, ya zo aji shida yana cewa lauya zai zama, to ƙofa ta riga ta rufe, sai dai ya sake zama wata jarabawar. Mai son Kimiyyar Siyasa, Gwamnati ko Tarihi. Mai son Tattalin Arziki, dole Lissafi da Tattalin Arzikin kansa su shiga cikin huɗun nan, sannan ya cike da ɗaya kamar Gwamnati ko Labarin Ƙasa.

Abu biyu da iyaye ba su cika sani ba. Na farko, Sibik ba ya cikin darussan JAMB. Yaro zai iya cin A1 a cikinsa, amma ba zai zaɓe shi ranar rajista ba. Na biyu, wanda ya gudo ɓangaren nan don tsoron Lissafi gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago, domin kwasa-kwasan zamantakewa a yawancin jami'o'i suna neman kiredit a Lissafi. Kiredit kuwa daga C6 ne zuwa sama, D7 da E8 ba sa cikin lissafi.

Maman Ilham, Gombe:
Malam Garba Allah ya saka. To Gwamnati da Tarihi fa? Wasu makarantun suna cewa ɗaya za a ɗauka, ba a haɗawa.

Malam Garba, Azare:
Hajiya, wannan yawanci matsalar jadawalin makaranta ce da ƙarancin malamai, sai a sa su a lokaci guda. Ana rajistar darussa takwas zuwa tara, don haka in makaranta na da malamin kowanne, gurbi bai hana ba. In dole sai ɗaya, ni Gwamnati nake ba wa shawara, don ya fi shiga haɗin kwasa-kwasai kuma an fi samun malaminsa.

Baffa Modibbo, Bajoga:
Nan ne zan saɓa da ƙanina Malam Garba. Rabin takardar rubutu ta Gwamnati ai tarihi ce da aka sa wa wata riga. Sashe na biyu gaba ɗaya kan yadda siyasa da kundin tsarin mulki suka taso ne, sai hulɗar ƙasa da ƙasa. Yaron da bai san labarin ba sai ya koma haddar kundayen tsarin mulkin zamanin Turawa: Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttleton 1954. Ranar jarabawa kuma su cakuɗe masa, ya ɗauki tsarin tarayya ya ba Richards, ya ɗauki zaɓe ya ba Lyttleton.

Amma a ba shi a matsayin labari mai sanadi. Na Clifford ya kawo zaɓe, kujeru huɗu kacal, uku a Legas ɗaya a Kalaba, Arewa kuwa ba ta cikin majalisar ma, Gwamna ke yi mata doka da sanarwa. Na Richards ya shigo da Arewa ya kafa yankuna uku, amma aka soke shi da cewa ba a shawarci 'yan ƙasa ba. Saboda wannan sukar ne Macpherson ya bi daga ƙauye zuwa lardi zuwa yanki ana jin ra'ayi, har taron Ibadan na 1950. Nasa kuma ya tarwatse a 1953 bayan ƙudirin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, rikicin Kano ya biyo baya. Daga nan aka gane sai an sakar wa kowane yanki mara, shi ne tarayyar 1954. Wanda ya riƙe wannan zaren, ko shekara ta kuɓuce masa zai lalubo ta.

Malama Hauwa, Misau:
Baffa ya yi gaskiya, sai dai a tuna dalilin da ya sa malaman Tarihi suka yi ƙaranci. An daɗe ba a koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, an narkar da shi cikin Soshiyal. Sai zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi aka dawo da shi, a 2022 aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700, wato ɗari-ɗari daga kowace jiha da Abuja. Malami ɗari a jihar Bauchi mai ƙananan hukumomi 20, biyar-biyar ke nan. Kowa ya yi lissafin makarantun ƙaramar hukumarsa.

Sannan a Satumbar 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta haɗa Sibik da tarihin Najeriya cikin darasi guda a babbar sakandare. Saboda haka kafin a yi wa yaro rajista, a nemi jerin darussan da hukumar jarabawa ta fitar na shekarar da zai zana, kar a dogara da na yayansa.

Malam Danladi, Kaltungo:
Ni bari in shiga inda maki ke zubewa, don nan ne abin takaicin. Takardar Gwamnati ta WAEC kashi biyu ce. Ta farko tambayoyin zaɓi 50. Ta biyu rubutu, awa biyu, tambaya biyu daga sashen farko, biyu daga na biyu. Kowace tambaya maki 15, kuma sau da yawa hujjoji biyar ake nema, uku-uku.

Ga yadda ukun nan ke tafiya. An ce yaro ya bayyana ayyukan majalisar dokoki biyar. Ya rubuta "yin doka" da Turanci, kalma biyu, ya sauka layi na gaba. Wannan ambato ne kawai, maki ɗaya. Biyar ɗin duka daidai, amma ya tashi da 5 cikin 15, ya fito yana murna ya ce ya amsa komai. Wanda ya ce majalisa na yin doka, ya ƙara jimla ɗaya cewa ƙudiri yana bin karatu uku da zaman kwamiti kafin a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu, shi ya kwashe ukun. Jimla biyu zuwa uku sun isa kowace hujja. Shafi guda na gabatarwa kuwa ba shi da ko rabin maki.

Saboda haka tun aji huɗu a koya musu kalmomin umarni. "List" da "mention" jero kawai. "State" da "outline" cikakkiyar jimla. "Explain" da "discuss" hujja da bayaninta, in da hali da misali. In an ce biyar a ba da biyar, kowace a sakin layinta da lambarta, don mai dubawa na da tarin takardu a gabansa, ba zai tsaya tonon hujja a cikin dogon zance ba. Haka wanda ya amsa uku daga sashe ɗaya, ɗaya daga ɗayan, ya yi asarar tambaya sukutum.

Hamma Usman, Dukku:
Malam Danladi, duk wannan ai sai yaro na jin Turancin. Gaskiyar magana a yawancin makarantun ƙauyukanmu ɗan aji huɗu bai iya haɗa jimla uku ba. Ni ra'ayina a koyar da darussan nan da Hausa zalla, yaro ya fahimta tukuna.

Malama Hauwa, Misau:
Hamma, fahimta da Hausa babu laifi, zalla ɗin ce matsala, don da Turanci zai amsa. Kuma akwai tarko a fassarar kanta. Kalmomi huɗu na farkon manhajar Gwamnati, "power", "authority", "legitimacy" da "sovereignty", in malami ya yi sakaci duk sai su zama "iko" a kan yaro, alhali bambancinsu ake tambaya. Sai an warware: ɗan fashi da bindiga yana da ƙarfin tilasta ka, amma ba shi da hurumi, alƙali yana da hurumin da doka ta ba shi, halaccin mulki shi ne jama'a su yarda mai mulki ya cancanta, diyauci kuma shi ne babu wata hukuma a saman ƙasa.

Mafi muni ita ce "state". A ce ya kawo siffofinta, yaro ya fara bayanin jihar Gombe da ƙananan hukumominta 11. Abin da ake nufi ƙasa ce mai jama'a, da iyaka, da gwamnati, da diyauci. Jihar Gombe ba ta da na ƙarshen. A Labarin Ƙasa ma haka, "weather" da "climate" duk yanayi muke cewa, sai an ce na yau da gobe, da kuma na shekaru talatin zuwa sama.

Hanyar da ke aiki: minti goma na farko a warware ma'ana da Hausa da misalin gida, a rubuta kalmar Turancin a allo ba tare da an fassara ta da kalma ɗaya ba, sannan minti goma na ƙarshe kowane yaro ya rubuta jimla uku da Turanci da hannunsa. Kwafar allo ba rubutu ba ne.

Hamma Usman, Dukku:
Na karɓi rabin maganar Adda Hauwa. Amma aji mai yara tamanin wa zai duba jimla uku-uku kullum?

Malama Hauwa, Misau:
Ba duka ake dubawa ba. Layi ɗaya yau, wani layin gobe, ba tare da sun san na wa za a karɓa ba. Littafi goma sha biyar a rana ba ya gagara.

Injiniya Bala, Bauchi:
A ba ni dama in yi maganar Labarin Ƙasa, don shi yara suka fi gudu, kuma dalilin gudun ɗaya ne: taswira. Takardu uku ne a WAEC. A ta ukun, tambaya ta farko karatun taswira ce, dole ce, maki 25, kuma ana shawartar kar a wuce minti 35 a kanta. Yaro da yawa ranar jarabawa ce ranar farko da ya taɓa riƙe irin wannan taswira a hannunsa. Ya buɗe ta ta rufe masa tebur, layuka masu ruwan ƙasa da ke nuna tsayi sun nannaɗe kamar taliya, ya kasa gane ina tudu ina kwari.

Kayan aiki: rula mai santimita, ma'aunin kusurwa, fensir mai tsini, zare fari kamar kamu ɗaya, da takarda mai miƙaƙƙen gefe.

Ma'auni shi ne tushe. In an rubuta 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa. In 1:100,000 ne, santimita 1 kilomita 1. Tsawon hanya mai lanƙwasa ko kogi ba a auna shi da rula kai tsaye. A ɗora bakin zare a mafari, a danne da farce, a bi lanƙwasar kaɗan-kaɗan ana matsar da yatsa, a sa alamar biro a inda ya ƙare, sannan a miƙe shi a kan rula. Kar a ja zaren da ƙarfi, yana talewa ya ƙara tsawo.

Lissafin gangare nan ake faɗuwa. Tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa tsayinsu da ƙafa aka rubuta, nisa kuma ana fitar da shi da mita. Misali wuri na farko yana kan layin ƙafa 1,500, na biyu yana kan 1,250. Bambanci ƙafa 250. Nisa a takarda santimita 6, a ma'aunin 1:50,000 kilomita 3 ke nan, mita 3,000. Mai gaggawa zai raba 3,000 da 250 ya ce 1 cikin 12. Kuskure. Sai an mayar da ƙafa mita, a ninka da 0.3048, ya ba da mita 76.2, amsa ta zama kusan 1 cikin 39. A duba ƙasan taswira kafin komai, a nan ake rubuta ko ƙafa ce ko mita.

In an ce a rage taswira zuwa rabi, tsawo da faɗi ake rabawa biyu, ma'auni kuma ya koma 1:100,000. Yara da yawa suna rubuta 1:25,000 don sun ji an ce rabi. Taswira in ta ƙanƙance lambar ma'auni girma take yi. Kuma a rubuta sabon ma'aunin a jikin zanen, da take, da kibiyar arewa, kowanne na iya ɗaukar maki.

Kusurwar alƙibla daga arewa ake aunawa, a bi yadda hannun agogo ke juyawa, a rubuta da lamba uku, 045 ba 45 ba. Kalmar "from" ita ke nuna inda za a kafa ma'aunin. Wanda ya kafa a ɗaya wurin amsarsa za ta kauce da digiri 180 cif.

Layukan tsayi in sun matsu, gangaren mai tsini ne. In sun buɗe, shimfiɗa ce. In suka yi siffar V a kan rafi, bakin V ɗin yana nuna inda ruwan ya fito ne, ba inda za shi ba.

Maman Ilham, Gombe:
Injiniya, lissafin lokaci fa? Yara na kuka da shi.

Injiniya Bala, Bauchi:
Hajiya, wanda ya taɓa azumi ya riga ya san shi, suna ne bai sani ba. Duniya na juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, digiri ɗaya minti 4. Garin Bauchi yana wajen digiri 9 da minti 50 gabas, Gombe wajen 11 da minti 10. Tsakaninsu digiri ɗaya da sulusi, kusan minti biyar. Shi ya sa mutanen Gombe ke riga na Bauchi shan ruwa da kimanin minti biyar alhali agogonsu ɗaya. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato kusan digiri 8, rabin awa ke nan. Agogon Najeriya kuwa an ɗaure shi ne a kan digiri 15 gabas, awa ɗaya gaba da Greenwich.

Doka: in za ka gabas ƙara, in za ka yamma rage. In wurare biyun suna gefe ɗaya na Greenwich a debe digirinsu, in ɗaya gabas ɗaya yamma a tara. A nan ake tuntuɓe. Sai kuma mantawa da canjin rana in lissafi ya haye sha biyun dare.

Malam Danladi, Kaltungo:
Ƙari a kan na Injiniya. Jihohin nan biyu, Bauchi da Gombe, su kansu ɗakin gwaji ne, ba sai an yi hayar mota zuwa nesa ba. Duwatsun da suka kewaye garin Bauchi, masu santsin kai da suka tsaya su kaɗai a fili, su ne misalin da littafi ke zanawa. Dutsen Tangale a nan wajenmu ragowar maƙogwaron dutse mai aman wuta ne. Kwazazzaban cikin garin Gombe darasin zaizayar ƙasa ne a buɗe: ƙasa mai yashi, gangare, sare itatuwa, gini ba magudana. Tambayar me ya sa ake kafa masana'anta a wuri kaza, masana'antar siminti ta Ashaka ta amsa ta, dutsen farar ƙasa na nan a gindinta, kuma kaya ne mai nauyi da ba a son ɗauka nesa. Ga kwal a Maiganga, ga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola don noman rani da lantarki da ruwan sha, ga Yankari da ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31 don yawon buɗe ido. A tambayi yaro ina ruwan Gongola ke zuwa, ina na kogin Jama'are ke zuwa. Na farko ya haɗu da Binuwai a Numan ya nufi teku, na biyu ya bi fadamun Haɗeja da Nguru ya nufi tafkin Chadi. Jihar Bauchi ɗaya, ruwanta ya rabu gida biyu.

Alhaji Sabo, Tudun Hatsi:
Malamai ku gafarce ni, ni ɗan kasuwa ne. Tattalin Arzikin nan da ake koya musu, yaro ya gama aji shida bai iya fitar da ribar buhu goma ba. Anya?

Malam Isiyaku, Kumo:
Ranka ya daɗe Alhaji, fitar da riba aikin darasin Kasuwanci ne da Akanta, amma ƙorafinka na kan hanya, don abin da kuke yi a Tudun Hatsi kullum shi ne rabin manhajar. Takardar rubutu sashe biyu ce. Na farko lissafi ne daga jadawali ko zane, tambaya biyu a zaɓi ɗaya, ba makawa. Na biyu a amsa uku. Masu gudun Lissafi a sashen farko suke zubewa.

Misalin da ya fi fitowa, auna yadda masu saye ke ja da baya in farashi ya tashi. A ce kwanon masara ya tashi daga naira 1,000 zuwa 1,200, abin da ake saye ya sauka daga kwano 500 zuwa 450. Farashi ya ƙaru da 200 cikin 1,000, kashi 20 cikin ɗari. Saye ya ragu da 50 cikin 500, kashi 10. A raba 10 da 20, amsa 0.5. Tunda bai kai 1 ba, masu saye ba su ja da baya sosai ba, abinci ne dole a ci. Kurakurai uku: a juya rabon a sami 2, a raba da sabon farashi maimakon tsohon, ko a tsaya a 0.5 ba a faɗi ma'anarsa ba. Kuma a rubuta ƙa'idar lissafin kafin a sa lambobi, tana da makinta ko da amsar ƙarshe ta kauce.

Na biyu, bambancin tafiya a kan layin buƙata da matsawar layin gaba ɗaya. In farashin rago ya sauka mutane suka ƙara saye, a kan layin aka motsa. In Babbar Salla ta matso kowa na neman rago ko da tsada, layin ne ya matsa dama. Tumatirin Dadin Kowa in ya fito kwando ya faɗi warwas, ba masu saye ne suka ragu ba, layin kawo kaya ne ya matsa. Zane kuma da fensir da rula, farashi a tsaye, adadi a kwance, a sa wa kowane layi suna. Zanen da ba suna ba maki.

Alhaji Sabo, Tudun Hatsi:
To ai mu wannan da ka muke yinsa. Madalla, a turo su kasuwa ranar Asabar su ga yadda farashi ke sauka da kaka.

Malama Rifkatu, Dass:
Ba a taɓo Sibik ba, kuma raina shi ake yi. Ana ba wa duk malamin da jadawalinsa ke da sarari, yara kuma su ce ai sanin yau da kullum ne. Sanin yau da kullum ba zai gaya maka hanyoyin zama ɗan ƙasa suna sashe na 25, 26 da 27 na kundin 1999 ba, wato haihuwa, rajista, da neman izinin zama ɗan ƙasa wanda ke buƙatar zaman shekara 15. Haƙƙoƙin ɗan Adam suna babi na huɗu, daga sashe na 33. Nauyin da ke kan ɗan ƙasa yana sashe na 24. Kowace makaranta ta mallaki kundin ko kwafi ɗaya ne, ana kuma samunsa a intanet kyauta.

Babbar matsalar da ta haɗa Sibik da Gwamnati ita ce tsohon littafi. Abubuwa sun canza, littafin da ke hannun yaro na yayansa ne. Tun 2018 shekarun takarar shugaban ƙasa sun sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Sanata da gwamna suna nan a 35. A 2023 an cire jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, aka kuma faɗaɗa hurumin jihohi a harkar lantarki. A Mayun 2024 an koma tsohon taken ƙasa. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, saura ƙasashe 12. Malami ya ware shafin ƙarshe na littafin kowane yaro don irin waɗannan gyare-gyare.

Baffa Modibbo, Bajoga:
Malama ta tuna mini. A mulkin Turawa ta hannun sarakuna ma ana haddace wa yara sunan Lugard da dalilai biyar, alhali tsanin yana nan a garinsu: mai unguwa ko jauro, dagaci, hakimi, sarki, sai Di'o da Razdan a bisa. Haraji da jangali da baitulmali da kotun alƙali, kakanninsu sun san su. A ba su aikin gida su tambayo tsoho ɗaya yadda ake karɓar jangali.

Kuma tarihin da manhaja ke nema a ƙarƙashin jihadi da zuwan Turawa, babban yankinsa a nan ƙasar Bauchi da Gombe ya faru. Malam Yakubu ya karɓo tuta ya kafa Bauchi, Buba Yero ya kafa Gombe da hedikwata a Gombe Abba kafin a koma Nafada, daga baya Gombe ta yanzu a 1919, Malam Zaki ya kafa Katagum. Ningi ta tsaya da ƙafarta ba ta bi daular ba. Turawa sun shiga Bauchi a 1902. Ranar 27 ga Yulin 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, nan kusa da mu, a kan hanyarsa ta hijira gabas. Siyasar Arewa ta zamani kuma, zauren tattaunawa na Bauchi a shekarun 1940 da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka zauna a ciki yana cikin tushenta. Tambayar kishin ƙasa ta fito, yaron Bauchi ya rubuta Herbert Macaulay da Azikiwe kaɗai, ya manta Sa'adu Zungur, wanda aka sa wa jami'ar Gadau sunansa.

Malam Garba, Azare:
Baffa, Allah ya gafarta Malam, gyara ɗaya don kar yara su ɗauka a karkace. Misalin gida ƙari ne, ba ya maye gurbin abin da jagorar ba da maki ta tanada. In an tambayi jam'iyyun kafin 'yancin kai, sai ya kawo NNDP ta 1923 da NCNC ta 1944 da AG da NPC da NEPU ta 1950, sannan ya ƙawata da na gida. Haka jerin jihohi: yankuna uku, na huɗu a 1963, jihohi 12 a 1967, 19 a 1976 lokacin da aka fitar da Bauchi daga Arewa maso Gabas, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996 da Gombe a ciki.

Baffa Modibbo, Bajoga:
Na yarda. Amma 3 ga Fabrairun 1976 da 1 ga Oktoban 1996 ɗan nan ba zai manta su ba, daga su sai ya kamo sauran.

Maman Ilham, Gombe:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Makarantar da ba ta da taswirar gwaji ko ɗaya, ya za a yi?

Injiniya Bala, Bauchi:
Taswirorin jarabawar shekarun baya su ne mafita, Hajiya. Kowace shekara ana raba wa kowane ɗalibi tasa, sai a nemi malamin darasin ko ofishin jarabawa na makarantar a ga abin da ya rage a kabad. Guda goma sun ishi aji, yara huɗu-huɗu ko biyar-biyar a kan ɗaya, a manna bayanta a kwali don kar ta yage. In za a yi hoto a shagon kwafi, a ce wa mai injin kar ya rage kar ya ƙara girma, in ba haka ba ma'aunin da ke rubuce ya tashi aiki, duk lissafin nisa zai fito a karkace. A auna layin ma'auni na ƙasan kwafin da rula kafin a raba: a 1:50,000 kilomita ɗaya ta cika santimita 2 daidai. Kwafin baƙi da fari kuma yana haɗe rafi da layin tsayi su zama kala ɗaya, sai a bi rafukan da shuɗin biro tukuna.